Kada Ki Sauke Ƙafa

Tun da Veikko ya rasu mota ta zauna a rumfa, don matarsa Aune ba ta taɓa koyon tuƙi ba. Da rani kekenta ya ishe ta. Da hunturu ya shigo, sai ɗanta da 'yarta suka fara maganar wani ɗaki a cikin birnin Oulu, mai ɗumi, da kanti a ƙasan bene. Ita kuwa ba ta ga abin da zai raba ta da gidan katakon nan na bakin kogi ba. Aka tsaya a kan magana ɗaya: in za ta iya kai kanta kanti bisa ƙanƙara, ta zauna. In ta kasa, ta haɗa kaya.

Ta sa aka ɗaura wa keken tayoyi masu ƙusoshi. Kullum da rana ta ɗan leƙo, sai ta fita bayan gida ta gwada. Kullum kuma sai ta sha ƙasa. Cinyarta ta yi baƙi, gwiwa ta kumbura, ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar Asabar Kaisu, 'yarta, ta zo a kan nata keken, ta iske ta zaune cikin dusar ƙanƙara, hula a karkace.

"Mama! Me kike yi a ƙasa?"

"Hutawa nake. An hana?"

Kaisu ta miƙa mata hannu, Aune ta ture, ta tashi da kanta. A ranta ta ce shi ke nan, an gani, gida ya tafi.

"Sake hawa in gani," in ji Kaisu.

Ta hau. Taya na taɓa wurin da ke ƙyalli, ta zura ƙafa ƙasa don ta tare kanta. Takalmi ya zame, ta sake zubewa.

Kaisu ta durƙusa tana kakkaɓe mata riga. "Ai ba keken ke kayar da ke ba, Mama. Taya na da ƙusoshi. Takalminki fa, yana da su?"

Aune ta dubi takalmin.

"In tsoro ya zo, kada ki sauke ƙafa. Ki ci gaba da murzawa a hankali. Birkin gaba kuma ki manta da shi."

"Ke da kike son a kai ni bene, me ya sa kike gaya mini?"

"So nake ki daina faɗuwa, tsohuwa mai taurin kai."

Suka kama hanyar kanti, uwa a gaba, 'ya a baya. A gangaren gada hanya ta zama kamar madubi. Ƙafar Aune ta dama ta ɗaga da kanta, tana neman ƙasa. Ta cije leɓe, ta mayar da ita kan feda. Ƙusoshi suka kama, ƙaras-ƙaras, har aka wuce. Ba ta waiwaya ba, amma ta ji Kaisu ta saki numfashi.

A ƙofar kanti, inda aka zuba tsakuwa, ta sauka a hankali.

"Ki kira yayanki," ta ce. "Ki ce masa ya bar wa wani ɗakin."

Kaisu ta share ido da bayan hannu. "Sanyi ne," ta ce.

"Na sani. Zo ki riƙe mini kwando."