Ƙaramar Laimar Likitan Haƙori

Shekara goma sha tara ina ninke laimar masu dirowa daga jirgin sama a filinmu da ke bayan Almaty. A ƙa'idar wurin, ba mai sauya laima sai na duba littafin da ake rubuta masa kowane tsalle, na sa hannu. Sunana Kulyash. Ni ma na yi tsalle fiye da dubu biyu kafin gwiwata ta ƙi, amma 'yan yanzu ina suka san wannan? Abin da suka sani, akwai wata tsohuwa mai faɗa a rumfar ninki.

Sagindik likitan haƙori ne, ya ba arba'in baya, ƙato mai kilo casa'in da biyar. Tsallensa sittin da uku kacal. Laimar haya yake dirowa da ita, mai lamba ɗari biyu da talatin, irin faffaɗar nan ta 'yan koyo wadda ko gyangyaɗi ka yi a ƙarƙashinta za ta ajiye ka lafiya. Mu kuwa a wurinmu, girman mutum yana ga ƙanƙantar laimarsa. Babba a hankali take tafiya, tana yafe kuskure. Ƙarama gudu take kamar an koro ta, kuma ba ta san yafiya ba.

Olzhas ne zakaran filin, tsalle dubu uku, baki ba linzami. Shi ya laƙa wa likita suna Bargo, saboda faɗin laimarsa. Kowace Asabar sai kowa ya sauko, an cire kaya, an zauna shan shayi, sannan a hango bawan Allah can sama yana lilo shi kaɗai. Olzhas ya ɗaga kofi ya ce a rage wa Bargo soyayyen burodi, zai iso kafin ƙanƙara ta fara zuba. A bushe da dariya. Matar likitan, Meruyert, da ke zuwa kallo, ita ma takan rufe baki da gefen gyale ta yi tata. Ni ma na yi, ba zan yi ƙarya ba.

Wata Asabar a ƙarshen Satumba ya shigo rumfata rungume da jaka, Olzhas da mutum huɗu suna biye da shi. Tsohuwar laimar Olzhas ce ya saya, ja da baƙi, mai lamba ɗari da ashirin. Ya ajiye mini littafinsa a tebur. Tsalle ɗari biyu da goma! Wai watannin zafi da ba mu gan shi ba, yana wani fili ne a ƙasar waje.

Na buɗe. Biro ɗaya, hannu ɗaya, shafuka fes ko ƙura babu. Littafin mai tsalle na gaske yana da dattin ciyawa da zoben kofi. Wannan a kan teburin asibiti aka cika shi a zama ɗaya.

Ban tona shi a gaban mutane ba. Na ce masa dai laima mataki-mataki ake sauka: mai lamba ɗari biyu da goma tukuna, ya yi tsalle hamsin da ita, sannan ɗari da casa'in, haka har Allah ya kai shi inda zai kai shi. Na ce mutum mai nauyinsa a ƙarƙashin wannan 'yar abar, ko littafin gaskiya ne ba zan so ba. Olzhas ya yi wani ɗan tari na iskanci, ya ce ai dama ya faɗa wa Bargo sai Inna, wato ni, ta ba shi izini.

Kunnuwan likita suka yi ja. Ya juyo kaina, ni da nake ƙoƙarin rufa masa asiri.

"Apai, aikinki ninki ne," ya ce. Apai dai haka ake kiran babbar mace a nan. "Matar da ke mana wanki a gida ita ma ninki take yi, ban taɓa neman shawararta ba."

Aka kwashe da dariya, wannan karon da ni ake. Na ce ya bar jakar, ya dawo bayan awa ɗaya.

Na ninke masa ita ninkin da ban taɓa yi wa kowa ba. Igiya ɗaya-ɗaya na bi. Na so in an zo bincike kada a sami ko zare a kaina, to a lokacin ma ke nan na san za a zo bincike.

Ana saura minti ashirin jirgi ya tashi ya dawo shi kaɗai. Bakin nan duk ya mutu. Ya kasa ɗaure maɗaurin ƙirji, sai da na ɗaure masa. Ya yi ta kame-kame, wai ɗazu zafin rai ne, wai mahaifiyarsa ma sa'ata ce. Sannan ya rage murya.

"Kulyash-apai, tsakani da Allah, zan iya?"

Na san abin da ya kamata in faɗa. In ce a'a, ko kuma aƙalla in ba shi magana ɗaya: in ka zo daidai tsayin bishiyoyin bakin fili, kada ka juya, ko ina iska ta nufa tafi miƙe. Sau sittin ina kallonsa daga ƙofar rumfa. Yana da wata ɗabi'a, in ya kusa ƙasa sai ya fizgi igiyar hagu da ƙarfi don ya fuskanci wajen shayi inda matarsa ke tsayawa. Babbar laima takan juya da shi a natse. Ƙarama in ka yi mata haka, kai take sawa ƙasa. Malamansa ba su lura ba, dariya ta ɗauke musu hankali. Ni kaɗai na sani.

"Littafinka ya ce za ka iya, likita," na ce. Na jawo littafin na sa hannu.

Ya yi murmushi kamar yaron da aka saya wa keke, ya fita da sauri.

Laimar ta buɗe lafiya ƙalau, ai ni na ninke. Muka ga ja da baƙi tana tsaga iska, ta wuce wannan, ta wuce wancan. Meruyert ta ɗaga waya tana ɗauka. Ya zo daidai bishiyoyin da gudun da bai taɓa sani ba, na ga hannun hagunsa ya sauka. Laimar ta kifa, shi ya tashi sama da ita a kwance, sannan duka biyun suka haɗu da ƙasa. Ƙarar kamar an yar da buhun dankali daga saman mota. Ranar shi ya riga kowa sauka.

Masu bincike sun zo, sun kwance komai, ba su sami ko zare ba. Suka ga littafin ƙarya, suka ce laifinsa ne, ya yaudari tsohuwa. Olzhas ya ce shi kaya ya sayar, bai tura kowa daga jirgi ba. Hoton faɗuwar ya yi ta yawo a wayoyi, har da masu maimaita wurin a hankali don su ga daidai inda ƙafafun suka lanƙwashe.

Sai bayan sati uku na iya zuwa asibiti. Meruyert ta tare ni a baranda, ta rame, ta ce ƙashin baya ne, ba zai sake takawa ba, kuma ba a faɗa masa ba tukuna. Ta roƙe ni kada in nuna a fuska. Ta ce daga filin babu wanda ya leƙo sai ni.

Yana ganina ya miƙo hannu. Ya ce in adana masa laimar inda ba danshi, in sanyi ya wuce zai dawo. Na ce to. Ya damƙe hannuna da nasa biyu, idanunsa suka ciko.

"Duk filin nan dariya suke mini, apai, har matata. Ke kaɗai ce kika yarda da ni."

Na ce ya huta, magana tana gajiyar da shi. Ya ƙi sakina. Wai ba ya tuna komai bayan bishiyoyin, an kuma hana shi ganin hoton, ni da na san aiki in gaya masa gaskiya: juyin nan da ya yi, kafin ƙasa, ya yi kyau?

Na ce ya yi kyau.