Fistin Ɗin da Lawwali Ya Ƙwanƙwasa

Duk garejin bakin iyakar Jibiya babu wanda bai san kunnen Lawwali bakanike ba. Fistin na injin mota, in zubinsa bai yi kyau ba, tsagar takan ɓuya cikin alminiyon, ido ba ya ganinta. Shi kuwa sai ya rataye shi da waya, ya ƙwanƙwasa da sifana. Lafiyayye ya yi ƙara siririya mai tsawo, mai tsaga ya yi ɗif. Direbobi har daga Maraɗi suke kawo masa, kuma fa yana jin kansa da abin!

Abin da ba wanda ya sani, shekara guda ke nan da kunnen ya fara mutuwa. Kunya ta hana shi faɗa.

Ran nan ƙanensa Zunnuraini, direban tasha, ya kawo sababbin fistin huɗu za a sa wa motarsa. Lawwali ya rataye su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa, mutane sun zuba masa ido. Wallahi bai ji komai ba sai shuuu.

"Mi ka ji, Yaya?" in ji Zunnuraini.

"Lahiyarsu lau," ya ce, ya ɗaura su.

Kwana tara tsakani, da hantsi, aka bugo waya daga ƙauyensu can gaba da Maraɗi: Inna, mahaifiyarsu, ta cika. Za a jira su zuwa La'asar, ba za a wuce haka da gawa ba. Lawwali ne babba, kuma tun da ranta ta ce shi za ya sa ta a kabari da hannunsa.

Suka shiga motar Zunnuraini. Sun wuce Magama, sun gama da kwastan da jandarmomi, Zunnuraini ya taka ta sosai. Can cikin daji ya ce, "Yaya, ba ka jin wani buge-buge a inji?"

Lawwali ya kasa kunne. Babu. "Taka mu tahi," ya ce.

Ba su yi nisa ba inji ya yi wata irin girgiza, hayaƙi ya turnuƙe, mota ta mutu murus. Sun fi awa biyu a rana kafin su samu babura. Da suka isa, mutane na dawowa daga maƙabarta, ana karkaɗe ƙasa daga hannuwa. Wani maƙwabci ne ya sa ta.

Bayan sadakar uku aka jawo motar gareji. Lawwali ya kwance injin da kansa, ya zaro fistin na uku, ya tarar ya rabe biyu. Gefen karayar fari ne tas, sabo, amma tsakiyar baƙa ce, da ƴan ramukan zubi. Tsohuwar tsaga ce, tun daga masana'anta. Da a da ne, bugu ɗaya ya ishe shi.

Ya daɗe riƙe da ɓarin biyu. Sannan ya ce, "Zunnu, ban ji su ba ran nan. Na daɗe ba ni ji. Ni na hana mu ganin Inna."

Zunnuraini ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga bisa rigarsa, ya yi magana a hankali, doguwa. Lawwali ya ƙura wa leɓunansa ido. Yafe masa ya yi ko kuwa, bai sani ba, don ko kalma ɗaya bai ji ba.