Sabuwar Shekarar Madam Luo

Tun farkon makon Madam Luo ta hana Hindou, mai kula da ita, zama. A goge tagogi, a sauke labule a wanke, a jawo firji a share bayansa. Tsohuwar tana biye da ita ɗaki-ɗaki, tana tura ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da take dogarawa. Hannunta na dama a lanƙwashe yake a ƙirji tun shanyewar ɓarin jiki da ta samu, sai nuni da na hagu.

"Nan ma. Ƙurar bara ce. Ba za ta shiga sabuwar shekara da mu ba."

Da guntun Turanci suke magana, don Madam Luo a tsufanta ta baro China, ita kuwa Hindou da Faransancin da ta koya a lakkol ta baro Damagaram. Inda baki ya gaza sai hannu ya ƙarasa. Gidan na Bernard ne, ɗan tsohuwar, a can Summerfield inda gidaje suke nesa da juna, ba ka jin motsin kowa sai dawakin maƙwabci a bayan shinge. Bas ba ta zuwa wurin. Kullum Daouda, yayan Hindou, shi yake ɗauko ta daga Glenwood a tasinsa ya ajiye ta, da yamma ya dawo ya ɗauke ta.

Wannan watan Janairu ne na 2004, sanyi na shiga har ƙashi. Bernard ya ce ran Asabar za su yi bikin sabuwar shekarar 'yan China, lokacin ya dawo daga tafiya, matarsa ba ta da aiki, yara ba makaranta. Uwar ta ƙi. Ta ce shekara ba ta jiran Asabar. Idan dare ya raba a garinsu, a nan ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Laraba ne, kuma a lokacin za ta tarbi shekararta ko da ita kaɗai ce a gidan.

Ita Hindou aikin bai dame ta ba, ya ma fi mata zama. Mahaifinta na kwance a Damagaram tun bayan ƙaramar Salla, ƙafafu sun kumbura, numfashi sama-sama. Takardunta na zaman ƙasa suna hannun lauya, kuma ya gaya mata ƙiri-ƙiri cewa in ta fita ƙasar kafin a gama, ba za ta sake shigowa ba. Wayarta tana aljihun riga ko da yaushe. Tana cikin goge gilashi sai ta ji kamar ta motsa, ta zaro ta duba, ba komai.

Ran Talata tsohuwar ta zaunar da ita a kicin ta jera mata dokoki. Daga gobe sha ɗaya ba shara, ba fitar da bola, don da arzikin gida ake sharewa. Tsintsiya ma sai an ɓoye ta. Ba taɓa wuƙa ko almakashi. Ba wanke kai. Ba shan magani a ranar farko, kada mutum ya shekara yana sha.

"Maganinki na hawan jini fa?" in ji Hindou.

"Kafin sha ɗaya."

"To na dare?"

Tsohuwar ta kawar da kai kamar ba ta ji ba. Ta ci gaba: ba faɗa, ba zancen ciwo, ba a ambaton waccan kalmar. Ba ta faɗe ta ba, sai ta runtse ido ta kwantar da kai gefe guda. Kuma ba kuka a cikin gida, wanda ya yi kuka ranar farko da kuka zai shekara. Sannan ta kama bakin farin hijabin Hindou ta girgiza kai. Fari a wurinsu kayan makoki ne. Gobe ta zo da ja.

Da safiyar Laraba Hindou ta shiga tasi da jan mayafin da ta saya don bikin wata ƙawarta. Daouda ya dube ta ya yi dariya.

"Yau kuma amarya muka samu?"

"Sallarsu ce, Yaya. Shekarar biri, in ji Madam. Ka samu Kaltouma a waya jiya, can gida?"

"Layin bai shiga ba. Katin ma cinye mintina kawai ya yi."

Suka bar gari. Can ta ce, "Madam ta ce zan taimaka mata ta kai abinci gaban hoton marigayi mijinta, ta kunna turare. Raina bai kwanta ba."

"Ke dai ki yi aikinki, ki bar musu nasu."

"Ai aikin nawa ke nan, Yaya. Ni ce hannunta."

Ya ɗaga kafaɗa, ya mai da hankali kan hanya.

A ƙofar gida jajayen takardu biyu dogaye sun sauko hagu da dama, da rubutun baƙin tawada. Wani rubutun da ke tsakiyar ƙofar a juye yake, kansa ƙasa. Jiya Hindou ta so ta gyara shi, tsohuwar ta buge mata hannu: da gangan ne, a yarensu kalmar juyewa da kalmar isowa kusan ɗaya suke a kunne, wato alheri ya iso.

Hindou ta tarar da tsohuwar a shirye cikin jar riga mai maɓallan zare, ta kasa tsaye ta kasa zaune. Kifi guda cur yana kan murhu, da kansa da wutsiyarsa, don ba a yanka shi kuma ba a cinye shi duka, sai an rage saboda shekara ta zo da ragowa. Ga tiren ƙananan ƙullin fulawa da suka naɗe jiya. Saboda Hindou tsohuwar ta yarda aka cusa musu kabeji da ƙwai maimakon naman da ta saba.

Da aka zo kai abinci kan teburin da hoton marigayin yake, Hindou ta tsaya a bakin falo.

"Madam, wannan ba zan iya ba. Addinina."

Tsohuwar ta dube ta daga sama har ƙasa. Ta zuba lemu a kwandon da ke ɗaure a jikin ƙarfenta, ta tura ta kai, ta dawo ta ɗauki ƙoƙon shinkafa. Ta kunna turaren tsinke da ƙyar da hannu ɗaya. Da ta zo sunkuyawa sai ƙafar ta yi rawa, ta tafi luu za ta faɗi. Hindou ba ta san lokacin da ta isa ba. Ta riƙe ta a ƙugu, ta juyar da fuskarta wajen taga tana istigfari a zuci, har tsohuwar ta gama sunkuyonta da maganganunta.

Goma ta ɗan wuce wayar ta yi ƙara. Lambar doguwa ce. Hindou ta shige ɗakin wanki ta ja ƙofa.

"Hindou? Ni ce, Kaltouma. Daga shagon telesantar nake bugowa." Muryar ƙanwarta tana zuwa tana yankewa. "Kina ji na? Baba... sai haƙuri. Bayan azahar. Yanzu maza suka tafi da shi."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya yi magana? Kaltouma, ya ambace ni?"

Layin ya mutu. Ta kira, bai shiga ba. Ta sake. Ta kira Daouda, wayarsa ta yi ta ringi ba a ɗauka, ta san yana da fasinja. Ta bar masa saƙo da wata murya da ita kanta ba ta gane ba.

Daga kicin tsohuwar tana ƙwala mata kira. Hindou ta buɗe famfo ta watsa ruwa a fuska, ta gyara jan mayafin. Ta ce wa kanta awa ɗaya ce. Matar nan mako guda tana shirin wannan awar, ba ta da kowa a gidan sai ita. Ta buɗe ƙofa ta fita.

Ta ba tsohuwar magani ta sha. Ta zuba ƙullin fulawa a tafasasshen ruwa. Ta kai tsintsiya gareji ta ɓoye bayan injin yankan ciyawa. Ta ɗauko faranti ta ajiye, ta sake ɗauka ba ta san me za ta yi da shi ba. Agogon jikin murhu kamar an ɗaure shi. Fuskar babanta ce kawai take gani, ranar da ya raka ta tashar mota yana riƙe da jakarta ya ƙi ba kowa.

"Kin yi shiru yau," in ji tsohuwar.

"Sanyi ne, Madam."

Saura kaɗan sha ɗaya wayar gida ta yi ƙara. Ƙanwar Madam Luo ce daga China. Tsohuwar ta yi ta magana da ƙarfi tana dariya, sannan ta manna wa Hindou kan wayar a kunne. Can nesa gari ne gaba ɗaya yake fashewa da ƙarar wasan wuta, kamar ana zuba tsakuwa a kan kwano.

"Buɗe! Buɗe duka!"

Hindou ta bi ƙofofi da tagogi tana buɗewa, don tsohuwar shekara ta fita sabuwa ta shigo. Iska mai sanyi ta ratsa gidan, labulen da aka wanke suka tashi. Nan ba a yarda da wasan wuta ba, don haka tsohuwar ta miƙa mata murafun tukunya biyu, ita ta riƙe ludayi. Wai akwai wani dodo da yake zuwa ƙarshen shekara, ba ya son ja, ba ya son hayaniya.

Hindou ta haɗa murafun. Ta sake haɗawa da ƙarfi. Ta yi ta bugawa har hannuwanta suka ɗauki zafi, kuma ƙafafunta suka ɗauke ta suka fita da ita ta ƙofar baya. Ta sauka matakala, ta ratsa busasshiyar ciyawa har shingen dawaki. A nan murafun suka faɗi. Ta kama katakon shingen, kukan ya ɓalle. Wani jan doki ya ɗago kai ya dube ta, ya ci gaba da kiwonsa.

Ba ta san tsawon lokacin da ta yi ba. Ƙarar ƙarfe ce a kan katako ta juyo da ita. Tsohuwar ce a bakin matakala da silifas na ɗaki, ta sauke ƙafafun ƙarfen biyu a kan matakin farko, tana shirin biyo su.

"Madam, tsaya! Kada ki sauko!"

Ta ruga ta tare ta. Tsohuwar ta kafe ta da ido, ta ga fuskar.

"Wa?"

Hindou ta girgiza kai.

"Wa?"

"Babana."

"Yaushe?"

"Ɗazu. Kafin sha ɗaya."

Tsohuwar ta waiwaya ta dubi cikin gidanta, falon da aka goge, lemun da aka jera, hayaƙin turare yana karkata da iska. Ta daɗe tana kallo. Leɓenta yana motsi. Sannan ta juyo ta faɗi kalmar da bakinta.

"Ya mutu, kina dafa mini abinci."

"Kin ce ba a..."

"Shiga ciki."

"Zan tsaya a nan har in gama. Ba komai."

"Nan sanyi. Shiga." Ta ja ta da hannun nan guda mai ƙarfi. "Uwata ma ina nesa ta mutu. An tura ni gona, arewa, wuri mai ƙanƙara. Sai da aka daɗe na ji. A bayan ɗakin awaki na yi kukana, ba wanda ya sani. Ke ba za ki yi a wurin dawaki ba."

A kan kujerar falo ta zaunar da ita. Hindou ta kifa kai a gwiwa ta yi mai isarta, tsohuwar tana bubbuga bayanta. Ba wai hankalinta ya kwanta ba ne. Jefi-jefi takan ɗaga kai ta dubi hoton mijinta ta yi masa wata magana a yarensu, kamar mai ba da haƙuri ko mai gardama. Daga baya ta tura ƙarfenta zuwa ɗaki, ta dawo da wani farin gyale mai ƙamshin akwati. Ta zare jan mayafin da kanta ta yafa mata farin.

Daouda ya iso kafin azahar, idanunsa jajir. Ba dama su bar tsohuwar ita kaɗai, sai da aka kira matar Bernard daga wurin aiki. Suka zauna jira. Daouda ya ƙi zama, yana kai da kawowa a bakin ƙofa yana danna lambobin kati, layin yana ƙin shiga. Madam Luo ta matsa sai sun ci wani abu. Shi ya ɗauki ƙulli ɗaya don kunya. Hindou ta ware ƙwayar maganin dare a ƙaramin kofi ta ajiye inda matar Bernard za ta gani.

A hanyar komawa, suna shigowa gari Hindou ta juyo wajensa.

"Zan tafi gida, Yaya."

"In kin tafi kin san ba dawowa."

"Inna fa? Wa ke gare ta yanzu, Kaltouma kaɗai?"

"Bari a yi addu'ar uku tukuna, mu zauna."

"Kullum bari. Da bari muka kai yau."

Ya share fuska da bayan hannu, ya karya kwana zuwa layinsu.

Labari ya riga su isowa Glenwood. Motoci sun cika gaban gidan, tasi-tasi na 'yan Nijar har kan ciyawar maƙwabta. Maza suna tsaye a waje cikin manyan rigunan sanyi, suka taso suka kewaye Daouda. Hindou ta hau baranda ta tsaya. Takalman mata ne jibge a bakin ƙofa, daga ciki ana jin karatu ƙasa-ƙasa. Ta ɗora hannu a kan mariƙin ƙofar, ta kasa murɗawa.

Daga ciki aka buɗe. Hajiya Ramlatou ce, wadda ta sauke ta a gidanta shekarar da ta zo ƙasar.

"Hindou, 'yata. Ya muka ji da haƙuri? Shigo, tun ɗazu muke jiranki."

Ta kama hannunta ta ja ta ciki, matan suka matsa suka ba ta wuri.