Motar Malam Sha'aban

Tun ranar da Yaya Abdulbaƙi ya shigo gidan Inna yana washe baki, yana kaɗa makulli a ɗan yatsa, na san mun shiga uku. Yayana ne, babbanmu, ɗan farin Inna, mai sayar da hatsi a kasuwar Mai'adua. Mutum ne da in ya nuna maka yamma ya ce gabas ce, to ko rana ta fito ta ƙeyarsa ba zai sake magana ba. Ni kuma Siddiƙa, autar gidan, tela ce, kuma kowa ya san bakina ba ya riƙe magana.

Ba don gayu muke neman mota ba. Ciwon ƙoda ne ya kama Inna, likitoci suka ce sai an riƙa kai ta Katsina wankin ƙoda duk Litinin da Alhamis, ba fashi. Suka ja mana kunne cewa in aka tsallake rana guda, ruwa zai taru a jikinta har ya hana ta numfashi. Mun yi wata da watanni muna fama da motar haya. A je tasha a zauna sai mota ta cika, a cusa tsohuwa tsakanin ƙarti biyu da buhun albasa, ta dawo gida kamar an wanke tsumma an matse. Shi ya sa muka zauna mu 'ya'yanta, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, muka damƙa wa Yaya ya nemo mota mai lafiya. Mai lafiya fa muka ce, ba mai tarihi ba.

Ya zauna a kan tabarma ya ce, "Inna, Allah ya yi mana gyaɗar dogo. Motar Malam Sha'aban na saya."

Malam Sha'aban malamin zaure ne a wajen Kusugu, a wurinsa Yaya ya yi karatun littattafai. Wani ɗalibinsa mai hali ne ya saya masa motar sabuwa fil, shekara ashirin da wani abu da suka wuce. Malam kuwa bai damu da mota ba. Daga masallacin Juma'a sai Idi, sai ko ta'aziyya jefi-jefi. Da idonsa ya yi rauni ma sai aka tura ta ƙarƙashin rumfa aka lulluɓe da tamfol, ta yi shekaru ko tari ba ta yi ba. Da ya rasu, magada suka sa ta a kasuwa.

"Ku fito ku ga mita," in ji Yaya. "Ko kilomita dubu ashirin ba ta cika ba. Motocin nan da ake shigowa da su ta kan iyaka, wace ce ba ta zagaye duniya ba? Wannan ko sabuwa ce, tsufan shekaru kawai gare ta. Ga kuma albarkar wanda ya zauna a ciki."

Na ce, "Yaya, makanike ya duba ta?"

Ya kalle ni kamar na zagi wani babba.

"Ke kina da hankali kuwa? In shiga gidan Malam, hawayen iyalinsa bai bushe ba, da makanike a bayana yana ƙwanƙwasa motar Malam yana leƙa ƙarƙashinta? In ce wa 'ya'yansa me? Ina zarginku da ha'inci?"

"To yanzu da ta zama tamu fa? A kai ta gareji a duba."

"A duba me? Na sa an zuba baƙin mai sabo, na sa batir sabo, bugu ɗaya ta tashi. Makanikai ai su ke kashe mota. Wadda hannunsu bai taɓa ba ita ce lafiyayya."

Na ce masa ni ban san inji ba, amma na san roba. Robar wando in ta daɗe a ajiye cikin akwati, a ido lafiya lau take, kana ja sai ta tsinke a hannunka. Mota kuwa ai cike take da roba, daga tayoyi har tiyo har bel. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Yaya ya yi dariya har da tafa cinya, wai a zo a ji mai ɗinkin wando tana koya masa mota. Inna ta ɗago ido ta ce, "Siddiƙa, yayanki ne fa." Na haɗiye sauran maganar.

Gaskiya ɗaya ce, ba zan ci haƙƙin motar ba. Kyau kam tana da shi. Ruwan toka ce, fentinta na asali, ko ƙwarzane babu. Kujerun baya har da ledarsu ta kamfani. In an rufe ƙofa sai ka ji ɗif, ba irin ƙarar gwangwanin motocin tasha ba. A makonnin farko Inna kan miƙe ƙafa a baya ta yi barcinta tun daga Daura har ƙofar asibiti, ta dawo da ƙarfin da har za ta zauna ta tsince shinkafa. Da na ga haka ni kaina na fara cewa ko ni ce mai baƙin baki. Mutanen unguwa kuwa sai sun shafa jikin motar in za su wuce, suna yi wa Malam addu'a, Yaya yana ta fasa kai.

Taya ce ta fara yi mana gargaɗi. Muna dawowa wata Litinin ta baya ta fashe, fam, Allah ya taimaka ba gudu muke ba. Na sauka na duba da idona. Zanen tayar nan raɗau kamar yau aka saye ta, amma gefenta duk ya tsattsage kamar faso. Na zagaya sauran ukun, duk haka suke. Na ce, "Yaya, ka gani ko?" Ya ce ƙusa ce. Wace ƙusa, don Allah? Ya sayi taya ɗaya tak, wadda ta fashe, ya ce sauran ai ba su yi masa laifi ba.

Sai ranar Alhamis ɗin nan, tsakiyar bazara, rana kamar za ta dafa mutum. Kafin mu kai Mashi na fara jin wani wari, kamar an manta tukunya a wuta. Na yi magana, ya ce daga waje ne. Can sai ga tururi yana fitowa ta gaban mota. Ya tsaya ya buɗe, ashe tiyon lagireto ne ya tsage, ruwan duk ya zube a titi. Na taɓa tiyon bayan ya huce, wallahi ɓarɓashi ya riƙa zubowa a hannuna. Mai hankali ai nan zai tsaya ya nemi taimako. Shi ko sai ya ɗaure wurin da tsumma, ya juye ruwan shanmu a ciki, ya ce mu shiga da bismilla, motar Malam ba za ta kunyata mu ba. Ba mu yi nisa ba injin ya yi wata irin ƙara ya mutu murus, a wurin da ko inuwar kirki babu.

Kai, ranar na ga tashin hankali. Inna ba a yarda ta sha ruwa da yawa ba saboda ciwon, ga shi ma ruwan yana cikin lagireto. Leɓunanta suka bushe, tana jingine da ni a gindin wata 'yar ƙaya, ina yi mata fifita da mayafina. Motocin haya suna ta wucewa a cike maƙil, wa zai tsaya? Yaya yana tsaye ya zuba wa injin ido, hannu a ƙugu, kamar kallon ne zai tayar da shi. Sai da rana ta karkata wani bawan Allah mai a-kori-kura, ya ɗauko tumaki, ya tausaya ya sa Inna a gaba, ni na hau baya cikin tumakin, muka bar Yaya a wurin motar. Ko da muka isa, lokacinta ya wuce, an ɗora wani a kan injin wankin ƙodar. Ban ga laifinsu ba, masu jira sun fi injinan yawa, kowa kuma ransa yake nema.

Kwana muka yi a asibiti. Ƙafafun Inna suka kumbura har zoben azurfar da ke yatsan ƙafarta ya nutse. Ba ta iya kwanciya, sai a zaune, tana jan numfashi kamar mai hawan tudu. Sau biyu tana kama hannuna tana cewa in yafe mata. In yafe mata me? Sai washegari aka samu gurbi aka yi mata, ta dawo hayyacinta.

Da muka koma Daura, gida ya cika da masu zuwa sannu. Ga ƙannen Inna, ga matar Yaya, ga maƙwabta, har da babban ɗan Malam Sha'aban ya zo yana zaune a ƙofar ɗaki. Ina shiru, wallahi na yi niyyar yin shiru. Sai na ji Yaya yana cewa, "Ai ƙaddara ce. Ko sabuwar mota ce, abin da Allah ya rubuta sai ya faru."

Nan na fashe.

"Ƙaddara? Kar ka ɗora wa ƙaddara taurin kanka, Yaya! Ban ce a kai ta gareji ba? Ban nuna maka tayoyi ba? Ka yi cinikin biri a sama don kana jin kunyar gidan Malam, ba ka ji kunyar uwar da ta haife ka ba! Albarka ce za ta riƙe ruɓaɓɓen tiyo? Malam ya yi karatu ne ko ya yi gyaran mota? Da Inna ta mutu a gindin ƙayar nan, wallahi kai ka kashe ta, kuma ko a gaban wa zan faɗa!"

Ɗan Malam ya sunkuyar da kai ya zura takalmansa ya fita ko sallama babu. Matar Yaya ta fara kuka. Yaya ya tashi ya bi bayan baƙon. Ban yi nadama ba. Har yanzu da nake ba ku labari ban ga ƙarya ko ɗaya a cikin abin da na faɗa ba.

Yaya ya sa aka jawo motar aka gyara abin da ya ƙone, aka sa tiyo sabo guda ɗaya, wanda ya fashe. Sauran tiyon, da bel, da tayoyi uku, suna nan yadda Malam ya bar su. Ni kuma ban tsaya shawara da kowa ba, na je na sami Kalilu, direban da ke bayan layinmu, muka shirya zai riƙa ɗaukar Inna shata, ita kaɗai, ko da zan kwana ina taka keken ɗinki.

Ranar Litinin da safe na iso da Kalilu har ƙofar gida. Me zan gani? Motar Malam a fake, an wanke ta tana ƙyalli, Yaya a kan sitiyari yana kallon gaba, Inna kuma tuni tana zaune a baya da carbinta.

Na buɗe ƙofar na ce, "Inna, fito, ga mota can na kawo."

"Ga mota nan ina ciki."

"Inna, wannan ce fa ta kusa kashe ki."

Ta rage murya don kada na gaba ya ji, ko da yake na san yana ji.

"Kin tsaya a gaban mutane kin ce yayanki ya so kashe ni. Tun ranar bai je kasuwa ba, bai ci abincin kirki ba. In na sauka daga motar nan yau na shiga waccan, duk unguwar nan tana kallo, na sa hannu a kan maganarki kenan. Da wane ido zai ƙara kallon mutane?"

"Idonsa, Inna? Ranki fa ake magana!"

"Raina na hannun Allah. Ko in tafi a wannan, ko in koma ɗaki in kwanta. Ki zaɓa, lokaci yana tafiya."

Na roƙe ta. Na durƙusa a ƙasa a bakin motar ina kuka, na haɗa ta da Allah da Annabi. Ko gezau. Na ce to bari Kalilu ya biyo mu a baya ko da wani abu zai faru. Ta ce in ta waiwaya ta gan shi, a nan za ta sa a tsaya ta sauka ta dawo da ƙafa. Na san Inna, za ta aikata. Na kalli ƙeyar Yaya ina jira ya ce, Inna ki shiga waccan, ba komai. Kalma ɗaya ce fa a bakinsa, da ya faɗa da shi kenan. Bai faɗa ba.

Na je na ba Kalilu haƙuri ya juya. Na dawo na shiga na zauna kusa da ita, na ɗora ƙafafunta masu kumburi a kan cinyata, zuciyata kamar ta fashe don baƙin ciki. Yaya ya murɗa makulli, motar ta yi tari ta yi shiru. Ya sake murɗawa, sannan ta tashi. Inna ta ce alhamdulillahi. Ni ban iya cewa ba.