Kangon da Sallau Ya Samo

Daren jiya na yi wani mafarki, har yanzu bai sake ni ba.

Na tsinci kaina a wani gari inda ruwan sama ke tashi daga ƙasa, mutane na tafe da lema a ƙarƙashin ƙafa. Aikina dai yana nan, neman wurin ɗaukar fim. Darakta kuwa bunsuru ne, yana zaune a ofis yana taunar labarin fim ɗin shafi-shafi.

"Kango nake so," in ji shi, "mai tsagaggen bango. Wanda ya kawo, sunansa ne zai fito a fim."

A garin ba a neman izinin mai gida, gidan da kansa ake roƙo. Na sami wani kango bayan kasuwa, na yi sallama, na ajiye masa goro, na zauna. Ya ba ni labarin kowace damina da ta ci shi, ban katse shi ba. Yana gab da amincewa sai ga Sallau, abokin aikina, wanda gaisuwarsa ba ta wuce ɗaga hannu.

"Baba, ka yi kyau," ya ce wa kangon.

Shi ke nan. Kango ya naɗe kamar tabarma, ya shige hammatarsa.

Na bi su a hankali, na raɗa wa kangon, "Fenti za su shafa maka." Ya zame ya ruga, ƙyaurensa na bugawa.

Sai ga mu gaban bunsuru, kowa hannu rabbana. Raina fari, amma ban nuna ba.

Sallau ya ƙura mini ido. "Yallaɓai, dubi fuskar Malam Tanimu. Tun da na ɗauki kangon can take tsagewa."

Bunsuru ya sa tabarau, ya zagaya ni. "Akwai zaure?"

"Ga bakinsa nan," in ji Sallau.

"Wa ya samo?"

"Ni," in ji Sallau.

Na ce, "Ai ba a nemi izinina ba."

Sallau ya durƙusa, ya ajiye mini goro. "Baba, ka yi kyau."

Na ji ina naɗewa. Masu kyamara suka shimfiɗa ni, wani ya hau goshina yana kankarewa don a rubuta sunan Sallau, ƙarar na shiga mini har haƙora.

Na farka. Ladidi matata ce ke kankare ƙanzon tukunya a tsakar gida. Na shafa fuskata.