Dutsen Mai Hoto

Awa biyu muna zaune a rumfar kallon tsuntsaye, ni da Kawu, ko tari ba ma yi, har malam-buɗe-littafi yana sauka a hularsa. Can cikin ciyawar fadama wata agwagwar ruwa tana kwance kan ƙwai.

Sai ga wani ƙato, wai shi mai hoto. Ya leƙa, ya yi tsaki. "Wannan ai ba ta motsi." Ya ɗauki dutse ya wurga mata.

Ta tashi, ya samu hotonsa. Kafin ta dawo, hankaki sun gama da ƙwan.

Kawu ya juya gare shi ya ce, "Malam, ka san abin da ka yi?"

Mutumin ko kunya babu, ya miƙo kyamarar. "Baba, dubi fukafukan nan mana."