Ruwan da Ya Sauko Daga Duwatsun Nasarawa

Rafin da ke bayan Orozo, wani gari a ƙasar Abuja, bai kai a kira shi kogi ba. Daga duwatsun Nasarawa yake gangarowa, ya ɗan bi gefen ƙasar Abuja, sannan ya sake ficewa abinsa. A inda mata ke wanki ya rabu biyu, ya bar tsibirin yashi a tsakiya. Hannun da ke wajen gari mai faɗi ne, na wajen Nasarawa kuwa siriri, amma gaɓarsa tsaye take kamar bango.

A tsibirin nan Hajjo take wanke kalwar daddawarta, don yashinsa ya fi cire ɓawo. Ranar Asabar da hantsi ta tsallaka da jikarta Halimat, ruwa iya ƙwauri, sama fes.

"Ƙawata, girgiza kwandon nan da ƙarfi mana," in ji Hajjo. "Ko tsoron kalwar ma kike ji?"

Halimat ta tsaya da kwandon a hannu. Hankalinta na kan zalɓen da ke tsaye bakin ruwa tun zuwansu, wanda ya tashi ba wanda ya kore shi. Sai ga kaguwa ta fito kan yashi, sai wata, sai wasu da yawa. Wani ƙaton guza ya yanko ruwan da iyo, ya haye gaɓa bai ko kalle su ba. Ta duba ƙafafunta, ba ta gan su ba. Ruwan da ɗazu ake ganin 'yan kifaye a cikinsa ya koma kamar kunun kanwa, yana tafe da ganye da karan masara.

"Hajjo, ruwan nan ƙaruwa yake."

Tsohuwar ta ɗaga kai ta dubi sama. "Ina hadarin? Ke dai ko kaza ta yi tari sai kin firgita."

"Wallahi Hajjo, dutsen da na ajiye takalmina ya nutse."

"Mama! Mama!"

Kure ne, mai kamun kifi, yake ihu daga saman gaɓar Nasarawa da doguwar gora a hannu. "Fita daga nan! Ruwa ya yi a dutse tun safe, yanzu yana zuwa!"

A lokacin ne suka ji ƙarar, can sama, kamar tifa tana juye duwatsu.

Halimat ta ja hannun kakarta suka nufi wajen gari. Taku uku suka yi ta tsaya. Hannun nan ya ninka faɗinsa, ga Hajjo da ciwon gwiwa, tafiyarta sai a hankali. Kafin su kai rabi ruwan zai same su.

"Ba can ba!" Kure ya daka tsawa. "Nan! Zo nan!"

Suka juya. Hajjo ta sunkuya za ta ɗauki kwandon.

"Bar shi, Hajjo."

"Kwana biyu ina dafa ta, 'yar nan. Icen da na ƙona kaɗai..."

Halimat ba ta taɓa fizge abu daga hannun babba ba. Ta fizge, ta yi jifa da shi. Ta kwance mayafinta, ta ɗaure ƙugun tsohuwar da nata, ta ƙulle tam.

Taku goma ne kawai. A na huɗu ruwa ya kai musu ƙugu, sanyi kamar ƙanƙara, yashi na zamewa ƙarƙashin tafinsu. Wani reshe ya bugi Halimat a haƙarƙari. Hajjo ta tafi luu, mayafin ya ja su duka biyu, Halimat ta sha ruwa ta tashi tana tari, ta cafki gorar da Kure ya miƙo.

"Riƙe saiwa, Mama! Saiwan itace!"

Hajjo ta kama saiwar, tana salati da ƙarfi. Halimat ta kwance ƙullin, ta sa kafaɗa ƙarƙashinta ta tura, Kure ya ja daga sama. Sai ita kaɗai ta rage a ƙasa, ruwa a ƙirji. Ba ta san yadda ta hau ba, ta dai tsinci kanta kwance cikin ciyawa, farcenta biyu na jini.

Da ta waiwaya, babu tsibiri. Jan ruwa ne daga gaɓa zuwa gaɓa, da wata itaciya sukutum tana juyawa a tsakiya.

Ga rufin gidajen Orozo can tsallake, rana na haska su, har ana hango shanyar maƙwabta. Kure ya ce ruwan ba zai janye ba sai gobe.

Hajjo ta daɗe zaune, hannunta damƙe da wuyan hannun Halimat, ta ƙi saki. Can ta gyara ɗankwalinta ta dubi Kure.

"Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. To, ta ina ake zuwa Abuja daga nan?"